Mu da Coci da Ƙwallon Kwando

Mu ne yaran nan 'yan aji biyu da kuke gani bayan an tashi daga makaranta muna guje-guje a filin siminti, riguna sharkaf da gumi. Mu Kiristocin cikinsu ne muka haɗu muka rubuta wannan, saboda wata tambaya da ake yawan yi mana a gida: "Ƙwallo ko coci, wanne kuka zaɓa?" Amsarmu ita ce duka biyun muke so, kuma a filin wasa ne ake gane ko abin da aka koya mana ranar Lahadi ya zauna a zuciyarmu.

Da farko, mutane da yawa ba su san asalin wannan wasa ba. Wani malami ɗan ƙasar Kanada mai suna James Naismith ne ya ƙirƙiro shi a watan Disamba na shekarar 1891, a makarantar ƙungiyar samarin Kirista ta YMCA da ke garin Springfield a Amurka. Mutumin ya yi karatun tauhidi irin na fastoci. Lokacin sanyi ne, ɗalibansa ba sa iya wasa a waje, sai ya rataye kwandunan 'ya'yan itace guda biyu a cikin zaure, ya rubuta dokoki 13. Daga nan sunan ƙwallon kwando ya samo asali. Tsayin da ya rataye su, wato ƙafa 10, shi ne tsayin kwando har yau. Da muka faɗa wa iyayenmu wannan, wasu sun yi mamaki, wasu kuma suka ce to ai sai mu yi wasan kamar masu tsoron Allah.

Maganarsu gaskiya ce, kuma a nan wahalar take. A filinmu babu alƙalin wasa, babu usur. Mutum biyar nan, biyar can, kowa shi ne alƙalin kansa. Idan ka bugi hannun abokinka yana shirin jefawa, kai kaɗai da Allah kuka san ka taɓa shi. Idan ƙwallo ta fita daga yatsanka, kana iya rantsuwa cewa daga nasa ta fita. A makarantar Lahadi abu ne mai sauƙi a ce ƙarya zunubi ce. A fili kuwa, saura maki ɗaya a cinye ku, rana ta kusa faɗuwa, wasu biyar na bakin layi suna jiran ku fita su shiga, faɗin "ni na taɓa" yana da nauyi kamar buhun masara. Mun yi wa juna alkawari za mu riƙa faɗa. Akwai ranakun da gaskiyar nan ta sa aka fitar da mu, muka koma gefe muna kallo. Amma yanzu in gardama ta tashi, mu ake juyowa a tambaya, don an san ba ma rantsuwa a kan ƙwallo.

Na biyu, garinmu Kaduna ne, kuma kowa ya san yadda kogi ya raba shi. Tun rikicin shekarar 2000, lokacin ba a ma haife mu ba, Kirista da yawa suka koma kudancin gari, unguwanni irin su Sabon Tasha da Narayi da Television, Musulmi da yawa kuma suka tattara a arewa, irin su Tudun Wada da Kawo. Akwai manya da sukan daɗe ba su haye gada ba. Mu kuwa ƙwallo tana sa mu haye. Ranar da za a yi wasa a wajen filin wasa na Ahmadu Bello, mukan haɗa kuɗin mota mu tafi tare, mu ga cunkoson Keke da masu tallar lemo da gyaɗa, mu dawo kafin magariba kamar yadda aka umarce mu. Muna son garin nan da hayaniyarsa, kuma ba ma so mu girma muna sanin rabinsa kawai.

A ƙungiyarmu akwai Musulmi, kuma wanda ya fi kowa iya jefawa daga nesa yana cikinsu. In an kira sallar la'asar, mukan ajiye ƙwallo mu zauna a inuwa mu tsare musu jakunkuna har su idar. Da aka so a sa atisaye ranar Lahadi da safe, ba mu ne muka fara magana ba. Su ne suka ce a mayar da shi yamma, domin abokansu suna sujada a lokacin. Su suna da nasu gwarzon, Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda ya ci kofin NBA a 1994 da 1995 tare da Houston Rockets, kuma yakan yi azumin Ramadan yana wasa. Labarinsa ya ƙara mana ƙarfi mu ma. Idan shi bai ajiye addininsa a ƙofar fili ba, me zai sa mu ajiye namu?

Ba kullum abin ke zuwa da sauƙi ba. An taɓa shirya wata gasa ta unguwanni, aka sa wasanmu na farko ranar Lahadi ƙarfe tara na safe. Mun roƙa a canza, aka ce jadawali ya riga ya fita. Uku daga cikinmu suna ƙungiyar mawaƙa, ɗaya kuma shi zai karanta Littafi Mai Tsarki a gaban jama'a ranar. Muka je sujada. Abokanmu suka buga ba mu, aka cinye su, aka fitar da mu daga gasar tun zagayen farko. Ya yi mana zafi ƙwarai, don wata biyu muka yi muna shiri. Abin da ya sanyaya mana rai shi ne babu wanda ya zage mu a cikinsu. Washegari muka haɗu a fili kamar kullum.

Na uku, birni yana da tarkonsa. Wasannin NBA cikin tsakar dare ake nuna su a nan, don haka wanda ya kwana a gidan kallo ranar Asabar, gyangyaɗi zai yi a coci. Ga shagunan caca a kusan kowane layi, har an san yaran da kuɗin baikonsu ke ƙarewa a can. Mun yanke shawara: mu kalli taƙaitaccen wasa da rana a wayar yayyenmu, kuma kuɗin baiko na baiko ne. Manzo Bulus ma, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura 9, ya kwatanta mai bi da ɗan tsere wanda yake hana kansa abubuwa don ya kai ga lada.

Muna da buri. Masai Ujiri a Zariya ya girma, nan kusa da mu, kuma shi ne shugaban Toronto Raptors lokacin da suka ci kofin NBA a 2019. 'Yan matan Nijeriya, D'Tigress, sun kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Olamfik ta 2024, abin da wata ƙasar Afirka ba ta taɓa yi ba a ƙwallon kwando. Saboda haka 'yan matan ajinmu, fili naku ne ku ma.

A ƙarshe muna roƙon iyayenmu su zo su kalle mu ko sau ɗaya kafin su yanke hukunci. Muna roƙon masu shirya gasa su riƙa duba safiyar Lahadi da lokacin sallar Juma'a kafin su fitar da jadawali. Ku kuma 'yan'uwa ɗalibai, duk mai so ya zo ranar Talata ko Alhamis bayan an tashi. Ba sai da kambas mai tsada ba. Sharaɗinmu ɗaya ne: in ka taɓa, ka ce ka taɓa.

Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.

Daga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida.