Jaka Uku, Hannu Biyu

Daren da za mu wayi gari mu tafi bakin teku ban kwanta da wuri ba. Ina zaune a falon Yayata da ke Agege da biro da takarda ina jera kayan da za mu ɗauka, ita kuma tana gefe tana shayar da Gambo tana yi mini dariya. "Auta, wai Makka za mu ne?" Ban tanka mata ba. Wadda ta yi shekara biyu a foli ana koya mata aikin ofis, ko ba ta iya komai ba ai ta iya tsara kaya a takarda. Da na gama na ƙirga, abu 34.

Ƙaramar Sallar 2024 ce, cikin watan Afrilu, kuma zuwana Legas na farko ke nan bayan na kammala difloma. 'Yan biyun Yaya, Hassana da Husaini, suna da shekara biyu da wata bakwai, Gambo kuma wata huɗu. Abban 'yan biyu ne ya yi alƙawarin kai mu Lekki ranar uku ga Sallah.

Bari in tona wa kaina asiri tun da wuri, 'yan uwa. Ban taɓa ganin teku ba kafin ranar. Ruwa mafi girma da na sani shi ne na madatsar Tiga, inda aka kai mu muna sakandare. Duk da haka a gajerun labaraina guda biyu na rubuta cewa son da tauraruwata take yi wa saurayinta ya fi teku zurfi. Don haka abu na 34 a takardata, wanda a zuciyata shi ne na ɗaya, littafin rubutu ne sabo fil. Na ƙudurta sai na kamo tekun nan da biro na dawo da shi Kano.

Haɗa kaya ya sa ba mu bar gida ba sai ƙarfe goma. Da muka hau doguwar gadar nan ta Third Mainland, mai kusan kilomita 12, na hango ruwa shimfiɗe na ce, "Ga teku!" Abban 'yan biyu ya ce wannan tafkin Legas ne, ruwa mai ladabi, in jira tukuna. Cunkoson Sallah ya riƙe mu a hanya, ba mu isa ba sai da rana ta take tsaka.

Daga inda aka ajiye mota zuwa gaɓar ruwa akwai 'yar tafiya, kuma duk a cikin rairayi. A nan takardata ta fara ba ni kunya. Yaya na goye da Gambo, tana rungume da tabarma da lema. Abba ya saɓa kular abinci a kafaɗa, ɗaya hannun da jarkar ruwa. Ni kuma jaka uku, biyu a hannu ɗaya a wuya. To wa zai riƙe 'yan biyu? Babu. Da baki muke kiwonsu, "ku tsaya, ku dawo nan." Hassana ta cire takalminta don ta ga wasu yara ba takalmi, ta yi taku uku ta ƙwalla ihu. Rairayin tsakar rana ya yi zafin da tafin ƙafar babba ma ba ya jurewa, balle na yaro. Sai da na zubar da jakunkunan na sunkuce ta.

Cikin abu 34 ɗin nan, fiye da rabi haka suka koma gida ba a taɓa su ba. Kayan Sallah kala bibbiyu da na ninke wa yaran don hoto, shadda da leshi, ko buɗe su ba a yi ba. Dafa-dukar da Yaya ta tashi tun asuba ta girka, loma biyu muka yi haƙora suka fara ƙaras-ƙaras, don iskar teku ba ta barin faranti a buɗe, kuma hannun yaro bini-bini yana cikin ƙasa. Abin da ya ciwu lafiya shi ne mai ɓawo: ayaba, dafaffen ƙwai, lemon ɓawo. Saitin bokiti da shebur na roba da na saya da kuɗina, suka watsar da shi suka koma faɗa a kan ludayin miya da wata tsohuwar robar bota.

Famfas kuwa ya koya mini darasi. Aikinsa tsotse ruwa, kuma bai san bambancin fitsari da teku ba. Husaini ya zauna sau ɗaya inda kumfa ke isowa, ya miƙe abu ya kumbura ya yi nauyi har gwiwa, yana tafiya kamar agwagwa. Gara a bar yaro da ɗan wando yayin wasan, a saka masa famfas bayan an ɗauraye shi.

Abin da ya fi komai amfani shi ne wanda na fi rainawa, wato jarkar ruwan famfo da Abba ya dage sai an ɗauko. Ruwan gishiri ya fallatsa wa Hassana a ido, ta sa hannu mai yashi ta murza, kuka ya ninku. Da ruwan jarkar aka wanke mata. Da shi aka wanke hannuwa kafin cin abinci, da shi aka yi alwala, da shi aka ɗauraye jikin yaran, don gishirin da ya bushe a fata ƙaiƙayi yake sawa, musamman a matsematsi da bayan gwiwa. Sai hoda, wadda wata mata da ke kusa da mu ta nuna mana dabararta: a zuba kaɗan a tafin hannu, nesa da hancin yaro, a shafa a ƙafar da yashi ya manne wa. Hodar na shanye danshin, yashin ya kakkaɓe ba tare da an goge fata ta yi ja ba. Gambo kuwa bai bar inuwar lema ba, don jaririn da bai kai wata shida ba ba a shanya shi a rana, ba a kuma ba shi ruwa, nono ake ƙara masa.

Akwai abu ɗaya da Abba ya hana a fito da shi daga jaka: tayar nan ta roba da ake hurawa a zura wa yaro. Ni a zatona kayan tsaro na saya. Ya ce kayan wasa ne, iska na iya tura ta cikin ruwa da yaron a kai, igiyar ruwa kuma na iya kifar da ita kan yaro ya koma ƙasa. Illarta mafi girma, in ji shi, ita ce sa babba ya saki jiki.

Na fahimci nufinsa da na tattare siket na shiga ruwan iya idon sawu. Tekun Atlantika a gaɓar Legas ba ya wasa. Tun daga nesa ƙararsa ake fara ji, kamar tirela na juye tsakuwa ba ƙaƙƙautawa. Igiyar ruwa ta zo ta wuce ni, hakan bai dame ni ba. Komawarta ce ta tsorata ni: na ji tana zare yashin da ke ƙarƙashin dugadugaina, ina nutsewa a tsaye. Ni ke nan mai shekara ashirin da 'yan kai. Na kalli Husaini, wanda duk nauyinsa bai wuce na jarkar Abba ba. Kuma ruwan da ya taru a gaɓa yakan sami wani ɗan siririn layi ya koma ciki da gudu, wurin ya yi luf kamar ya fi ko'ina lafiya, alhali nan ne yake jan mutane.

Bayan Azahar abin ya faru. Abba ya tafi neman inda zai yi sallah. Hassana ta yi barci a kan tabarma. Yaya ta juya baya ta yafa mayafi za ta shayar da Gambo, ta ce, "Auta, ga Husaini nan." Na ce, "To." Yana gabana yana cika robar bota da yashi. Na ga ai ba inda za shi, kuma tun zuwanmu ban rubuta ko harafi ba. Na zaro littafin.

Jimla ɗaya da rabi na rubuta. Na ɗago, ga roba, ga ludayi, babu Husaini.

Ruwa na fara nufa da gudu, ina kiran sunansa, ƙarar teku na haɗiye muryata. Na taɓa karantawa cewa yaro ƙarami in zai nutse ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu irin na fim, shiru yake tafiya, kuma ruwa kaɗan ya isa. Wannan karatun ne ya dinga dawo mini. Wani mutum ya tare ni da Turanci yana tambayar wane kaya ne a jikin yaron. Wallahi sai da na yi jim. Singileti ce ruwan ƙasa, kalar yashin da ya kewaye mu, kuma ni ce na saka masa ita da hannuna don kada kayan kirki su ɓaci. Ya ce in nuna masa hoto. Wayata cike take da hotunan teku, babu ko ɗaya na yaron a kayan da ke jikinsa. Ga jama'ar Sallah maƙil, yara masu tsayinsa sun fi a ƙirga. Yaya ta taso da Gambo a kafaɗa ko ɗankwali babu, ba ta ce mini komai ba, salati kawai take yi.

Abba ya ce abin bai kai minti goma ba. Ni dai ban yarda ba har yau.

Can sai muka hango shi sama da kawunan mutane, a kan doki. A bakin tekun akwai masu dawaki da ke ɗaukar mutane yawo a biya su, kuma waɗanda na gani ranar yawancinsu 'yan Arewa ne. Ashe doki ya gifta, Husaini ya tashi ya bi shi. Da ya yi nisa ya waiga bai ga kowa ba, ya fashe da kuka yana "Umma, doki." Wani matashi cikinsu ya ji Hausa a bakin yaro, ya ɗora shi a kan sirdi ya riƙe, ya ja linzami yana zagawa a hankali don iyayensa su hango shi. Da Abba ya miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa. "Haba Alhaji, ai ɗanmu ne." Ya kalle ni, ina ta kuka da biro har lokacin a hannuna, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Ranar Sallah irin wannan ba a rasawa."

Na so Yaya ta zage ni, da na fi samun sauƙi. Sai da muka hau gada a hanyar komawa, yara duk sun yi barci, sannan ta yi magana ba tare da ta juyo ba. "Har da laifina, Auta. Na ce miki ga shi nan, ban jira na ga idonki a kansa ba." Manya uku ne mu, kowa na ganin akwai sauran biyu.

Ana saura kwana biyu in koma Kano, Abba ya ce sai mun sake zuwa, don kada tsoro ya zauna mini. Ƙarfe bakwai muka fita, kafin rana ta yi zafi. Wannan karon jakar goyo ɗaya ce a bayana, hannuwana biyu kowanne da yaro. A ciki akwai tawul biyu, kayan canji ɗai-ɗai, famfas huɗu, leda ta zuba jiƙaƙƙun kaya, hoda, man kariya daga rana don baƙar fata ma tana ƙonewa, hulunan malafa, ayaba da ƙwai, gorar ruwan sha, ƙullin gishiri da sukari na kemis da filasta, sai ludayi da robar bota. Jarka tana hannun Abba. Yaran na sanye da riguna ruwan lemo masu ɗaukar ido da takalman roba masu maɗauri, lambar wayar Abba a rubuce a damtsensu, kuma tun a bakin mota na ɗauke su hoto. Tabarma muka shimfiɗa can sama da layin tarkacen da ruwa ya bari, don teku yana cika yana janyewa sau biyu a kwana, inda yake busasshe da safe yana iya zama ruwa kafin Azahar.

Yaya kuma ta zo da wani jan ɗankwali. Duk wanda yake ɗaure a hannunsa shi ne mai gadi: ba waya, ba hira, ba ya yin nisan da hannunsa ba zai kai ga yaro ba. In zai tashi, sai ya kira sunan wani, ya kwance ya ɗaura masa. Na riƙe shi kusan awa guda kafin Abba ya karɓa, kuma a awar nan na ga yadda Hassana ke gudu baya-baya duk sanda kumfa ta taso tana ce mata "tafi gidanku."

Littafin yana gida ranar, a ƙasan akwatina. Yanzu haka yana gabana, da sauran yashi a tsakanin shafukansa. Shafin farko ya ce: "Teku ba shuɗi ba ne kamar yadda na rubuta, launin toka ne mai kumfa. Idan ya ja baya sai ka ji kamar". Jiya Yaya ta kira ni a waya ta ba Husaini. Na tambaye shi ko ya tuna teku. Ya ce a'a, amma ya tuna doki.