Mai Ɓoye Lamba Bai Ɓuya Ba

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili a jaridarka in faɗa wa 'yan'uwa abin da ya same mu, ko wani ya amfana.

A watan jiya wani ya yi ta buga wa mahaifiyata waya da tsakar dare, har kwana huɗu, lambarsa ba ta fita. In ta ɗauka, sai ya yi shiru. Dare na biyar ya ce mata ɗanta na Ikko ya rasu, ya kashe waya. Tsohuwa ta kwana kuka, sai da asuba muka sami ƙanena lafiya lau. Ita dai ta kafe aljani ne, wai ɗan Adam ba ya kira ba lamba.

To jama'a, ba aljani ba ne. Mutum ya kan danna #31# kafin lambar wanda ya ke nema. A Ingila 141 su ke dannawa, a Amurka *67. Wannan ba ya share lambarsa. Tana tafiya tare da kiran daga kamfani zuwa kamfani, sai dai an liƙa mata alama cewa kada a nuna, kamfanin wanda aka kira shi ne ya ke gani ya yi gum. Mu akawuna mun san irin wannan: takardar asiri ma sai an shigar da ita littafi, da ranarta da wanda ya aiko, na waje kaɗai ba ya gani. Haka kamfani ya ke ajiye lissafin kowane kira, da sa'arsa da tsawonsa. Ga shi tun 2011 ake rajistar layi a Nijeriya, a ƙarshen 2020 kuma Gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa.

Ban ce ɓoye lamba laifi ne ba. Likitan da ya kira majiyyaci da wayar aljihunsa yana da hujja. Da na je ofishin kamfanin, suka ce ba su faɗin mai lamba sai 'yan sanda sun nema bisa doka. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma da na huce na ga gaskiyarsu, don in kowa ya tambaya aka faɗa masa, wata fitinar za a tayar. Na dai kai ƙara, ina jira.

Tsohuwa kuwa na hana ta ɗaukar kiran da ba lamba. Har yanzu in waya ta yi kuka da dare sai ta zabura tana salati.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Zariya.