Neman Littafin Alƙali Saboda Gonar Kakanmu

Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, muka zauna rabon gona a Kusada. Nan wani dattijo ya ce ai kakanmu yana da ƙanwa wadda aka aurar Kankiya, kuma bai taɓa jin an ba ta rabonta ba. Wasunmu suka ce maganar tsufa ce. Mu dai hankalinmu bai kwanta ba, domin haƙƙin magaji ba ya ruɓewa, sai muka shiga neman littafin alƙali.

Mai karatu ya sani, a zamanin En'e alƙali ke raba gado, a fitar da ushira, magatakarda ya rubuta sunan mamaci da magada da dukiya, yawanci da Larabci. Kusada kuwa ba ta zama Ƙaramar Hukuma ba sai 1996, saboda haka Kankiya muka fara dosa. Daga can aka nuna mana Katsina, daga Katsina sai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna.

A can muka koyi abin da ba mu sani ba. Ƙasar Katsina tana cikin Lardin Kano har 1926, sannan aka haɗa ta da Zariya, ba ta zama lardi mai cin gashin kansa ba sai 1934. Ashe mai neman takarda ta zamanin Sarki Dikko sai ya duba jerin larduna uku. Ga kuma wahalar suna: Muhammadu ɗan Abdullahi ya fi a ƙirga, sai da laƙabi da sunan ƙauye muka rarrabe namu. Boko ɗinmu, da muke taƙama da shi a ofis, bai amfane mu ba. Wani malamin zaure muka ɗauko ya karanta mana.

Rana ta huɗu muka same shi. Magada uku: maza biyu, mace ɗaya. Gona ta kasu biyar, kashi ɗaya nata. Shekara da shekaru muna noma shi, muna fitar da zakkarsa kamar namu ne.

Mun sami jikokinta a Kankiya, su bakwai. Babbansu ya ce ya yafe, amma malamin ya ce yafewarsa ba ta wuce rabonsa. Huɗu sun amsa. Biyu suna fatauci a Kurmi, muna jiran su dawo.