Fatalwa Mai Fararen Idanu

A hutun bara aka kawo mini ɗan yayata daga Maraɗi ya yi sati biyu a wurina a Damagaram. Shekararsa goma sha ɗaya, kuma ba shi da zance sai na Minecraft, wasan nan da ake haƙa ƙasa, a sare itatuwa, a gina gidaje da tubala. Nakan bar masa kwamfutata in zan fita, da sharaɗin kada ya sauko da komai daga intanet.

Ana shiga sati na biyu sai yaro ya sauya. Ya daina taɓa kwamfutar, ya rage cin abinci, da dare kuma ba ya yarda a kashe fitila. Maiɗakina ta ce ƙila kewar gida ce. Ban damu ba sai ranar Alhamis, da na sa kile ɗina, abin da mutanen Najeriya ke ce wa filashi, a na'urar gidan rediyonmu don in haɗa shirin dare. Ban tarar da komai ba sai wasu alamomi da in ka danna ba sa buɗewa. Hirarrakin wata huɗu ne a ciki, har da wadda na yi da wani tsohon majemi da ya rasu sati uku bayan zamanmu. Na riga na yi wa iyalansa alkawarin zan kai musu muryarsa.

Na koma gida raina a ɓace, na ɗaga wa yaro murya. Sai ya fashe da kuka ya ce, "Kawu, ni na kira shi. Herobrine ne ya shiga."

A daren nan na zauna na bi diddigin sunan. A 2010 wani hoto ya fara yawo a intanet: cikin hazon wasan, ga wani mutum tsaye daga nesa, kamarsa ɗaya da jarumin wasan, sai dai idanunsa farare ne fat. Aka ce yana haƙa ramuka, yana zage ganyen itatuwa, kuma fatalwar ɗan'uwan Markus Persson ne, mutumin Suwidin da ya ƙirƙiro wasan. Persson ya ƙaryata, kuma ba a taɓa samun Herobrine a cikin ainihin wasan ba. Amma daga 2011 kamfanin Mojang ya mai da abin raha, ya riƙa rubuta cewa an cire Herobrine a jerin gyare-gyaren da yake fitarwa.

A wannan shekara ta 2010 kuma wani ɗalibi a Amurka, Alex Hall, ya shirya labarin Ben Drowned: an sayi tsohon kaset na wasan Majora's Mask, ashe ruhun wani yaro da ya nutse a ruwa na ciki, daga baya ya tsallaka cikin kwamfutar mai wasan. Irin wannan tsallake ne ya tsaya wa yarona a rai. Ya sauko da wani fayil da aka ce yana kiran Herobrine. Daga nan kwamfuta ta yi nauyi, wani baƙin allo ya riƙa walƙawa yana ɓacewa. Me kake so ɗan shekara goma sha ɗaya ya ɗauka?

Ban yi masa dariya ba. Ni ma da dodon tatsuniya aka hana ni leƙa rijiya, kuma masu bugo waya a shirina na dare ba sa rasa labarin aljanun tsamiya. Sai dai a tatsuniya ana rufewa da ƙurunƙus, kowa ya san an gama. Waɗannan labarai kuwa da hoto da bidiyo suke zuwa, ba mai cewa ƙarya ce, kuma yaro shi kaɗai yake jin su.

Washegari muka je wurin mai gyara tare. Ya ce bairos ne, ƙwayar cutar kwamfuta da ke bin kile daga na'ura zuwa na'ura. Irin wannan ba ta goge fayiloli, ɓoye su take yi ta bar alamomin bogi a gurbinsu. Kafin la'asar komai ya dawo, na biya jika biyu. Da yamma na kai wa iyalan majemin muryar mahaifinsu.

Abin da ya fi damuna shi ne kwana ukun da yaro ya yi shiru. Yana tsoron fatalwa, yana tsoron Kawu, kuma na biyun ne ya rufe masa baki. A cikin kwanakin nan cutar ta kama kile ɗina, ni kuma na kai ta wurin aiki da hannuna. Na kafa masa doka, amma ban taɓa gaya masa abin da zai yi in ya karya ta ba.

Ranar da zai koma, muna tasha ya ja hannuna ya ce, "Kawu, to in babu shi, me ya sa suke ta cewa sun cire shi?"

Na ce masa wasa suke yi. Ya gyaɗa kai, amma daga ganin idonsa bai gamsu ba.