Ƙofofi uku kafin baƙo ya isa Miga

Miga gari ne da ruwa yake tsara wa shekara. Yana cikin masarautar Dutse a Jihar Jigawa, kusa da Jahun da Kafin Hausa da Auyo, a kwance cikin fadamar Kogin Hadeja. Da damina ruwa kan malala ya shafe hanyoyin ƙauyuka har kwalekwale ya karɓi aikin babur. Idan ya janye da rani, sai ƙasar ta koma shimfiɗar shinkafa da alkama da tumatir, masunta su bi tafkuna da koma da kalli, makiyaya su gangaro da shanu. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 zuwan ruwan ya sauya, kacalla ta toshe magudanai, ambaliya irin ta 2022 kuma ta ci gonaki da gidaje a wannan yanki.

Wuri mai albarka irin wannan ba ya rabuwa da baƙi. Akwai ɗan Nijar da ya biyo ta Maigatari neman hatsi ko ƙwadagon girbi, akwai ma'aikacin agaji da ambaliya ta kawo, akwai kuma mai bincike da ya biyo tsuntsayen da ke barin Turai da hunturu suna sauka a dausayin Hadeja da Nguru, musamman wajen Baturiya. Tsuntsayen dai babu mai tambayarsu takarda. Shi kuwa mutum, da yake ya ji an ce Jigawa jihar Shari'a ce, yakan zo da tambaya a ransa: me ake bukata daga gare ni kafin in shiga? Amsar tana da ƙofofi uku, kuma yawan cakuɗa su da muke yi yana jawo wa baƙo wahala, mu kuma ya zubar mana da mutunci.

Ƙofar farko ta Abuja ce. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sa sha'anin shige da fice da fasfo da biza a hannun Gwamnatin Tarayya ita kaɗai. Babu gwamna ko alƙali ko kwamandan Hisba da yake da ikon ba baƙo biza ko hana shi. Wanda ya fito daga Ingila ko Masar yana bukatar fasfo mai rai da biza da katin rigakafin shawara. Ɗan ƙasar ECOWAS kuwa, bisa yarjejeniyar 1979, yana iya shiga da takardar tafiyarsa ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba. A nan ne siyasa ta fi taɓa talaka. An rufe iyaka bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024, sannan Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar a Janairun 2025, ko da yake ECOWAS ta ce a ci gaba da barin mutanensu suna zirga-zirga. Bahaushen Damagaram da yake da kawu a Gumel bai canza ba, takardar da ke aljihunsa ce darajarta take hawa da sauka.

Ƙofa ta biyu ita ce Shari'a. Bayan Zamfara ta buɗe hanya a Oktoban 1999, Jigawa ta bi sahu a 2000 zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, ta zama ɗaya daga jihohi 12 na Arewa. Wannan ƙofa ba a iyaka take ba, kuma ba a buga hatimi a cikinta. Dokokin laifuka na Shari'a Musulmi suka shafa, wanda ba Musulmi ba kotun majistare ce tasa. Abin da ya hau kan kowa shi ne ladabin zaman jama'a: kada a fito da giya fili, a suturta jiki, a kiyaye alfarmar masallaci da watan azumi. Wannan ya bambanta da Saudiyya, inda hukumar da ke ba da biza ita ce mai zartar da hukuncin addini. Can sai a Satumban 2019 aka fara ba da bizar yawon buɗe ido, wanda ba Musulmi ba kuma ba ya shiga Makka. Mu ma mun ɗanɗana, domin a 2012 an tsare ɗaruruwan matanmu maniyyata a filin jirgi saboda batun muharrami, aka dawo da wasu gida. Duk wanda ya tuna zafin wannan rana ya san abin da ake ji idan sharaɗi ya tsaya wa mutum a ƙofa alhali ya riga ya baro gida.

Ƙofa ta uku ta fi sauran daɗewa, ita ce amana. A fiƙihu, wanda ba Musulmi ba idan ya shigo ƙasar Musulmi da izini, jininsa da dukiyarsa sun haramta har ya koma inda ya fito. Izinin ma ba na sarki kaɗai ba ne, domin ranar buɗe Makka Ummu Hani ta ba da mafaka, Manzon Allah (SAW) kuma ya tabbatar da ita. A kan wannan magabatanmu suka yi aiki. Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ratsa ta Gumel a 1851 zuwa Kukawa, a 1853 kuma ya karɓi takardar aminci daga Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Amanar tana da iyaka. Lokacin da Clapperton ya komo ƙasar Sakkwato a 1826 ana yaƙi da Barno, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya riƙe wasiƙar da yake ɗauke da ita zuwa ga Shehu Laminu, bai bar shi ya wuce can ba. An karɓi baƙo, an kuma tsare sirrin ƙasa.

A ƙauyukan Miga wannan tsari bai mutu ba. Baƙo yakan sami mai masauki, mai masauki ya kai shi gaisuwa wurin mai unguwa ko dagaci, a san sunansa da abin da ya kawo shi. Daga nan idan ya ɓata wa wani, an san wanda za a nema, idan aka ɓata masa, yana da mai tsaya masa. A wannan zamani na rashin tsaro babu rajistar da ta kai wannan amfani, domin da ɗan gari akan ci gari.

Inda muke kuskure shi ne barin baƙo cikin duhu. 'Yan kasuwa sun daɗe suna kokawa da shingayen hanya, inda mai cikakkiyar takarda da marar ita duk sai sun sa hannu a aljihu. Wanda aka tatsa a hanya bayan an ce masa ya shigo ƙasar Shari'a, idan ya koma gida Shari'ar zai ɗora wa laifi. Gyaran ba mai tsada ba ne. Gwamnatin jiha ta fitar da takarda guda da Hausa da Faransanci da Turanci, a liƙa ta a Maigatari da tashoshin mota da sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, ta bayyana abin da Tarayya ke bukata, da abin da jiha ta hana, da inda za a kai ƙara. Masarautu su umarci masu unguwanni su rubuta sunan baƙo ba tare da karɓar ko kwabo ba. Malamai kuma su riƙa karantar da babin amana a huɗuba kamar yadda suke karantar da babin haddi. Fadamar Hadeja tana bukatar mai sayen shinkafarta da mai taimaka mata yaƙar kacalla, kuma waɗannan ba za su dawo inda aka wulaƙanta su ba.