Robar da ta dace da hannun mai koyo

Yara, ni malamin makaranta ne a Mallawa. Da garinmu yana cikin gundumar Magariya, amma tun 2011 ya koma ƙarƙashin Dungas. Yau zan ba ku labarin wani kuskure da na yi. Kuskuren ya ci mini kuɗi, kuma saura kaɗan ya raba wata ɗalibata da wasan da take so.

Na koyi ƙwallon tebur a Damagaram, lokacin da nake lakwal normal ina koyon aikin malanta. Wasu suna ce masa pimpon. Da aka turo ni Mallawa ban tarar da tebur ba. Sai na je wurin kafinta da awo a takarda: tsawo metir 2,74, faɗi metir 1,525, tsayi santimetir 76. Ya haɗa mana alluna, muka shafe su da koren fenti. Raga kuwa, daga tsohon gidan sauro muka yanke ta, muka ɗaure a kan santimetir 15,25. Raketinmu huɗu ne, irin na kasuwa masu araha. Robarsu ta bushe, ta yi santsi kamar bayan ƙwarya.

A cikin masu zuwa wasa da maraice akwai wata yarinya ƴar aji biyar. Ba ta da tsawo, ba ta da ƙarfi, amma tana da natsuwa. Bugun bayan hannu shi ne gwanintarta, wato bugun da ake yi bayan hannu yana duban raga. Duk inda aka aika mata ƙwallo sai ta maido shi.

A 2016 na ga wasan Aruna Quadri, ɗan Najeriya, a gasar Olimpik ta Riyo. Ya ka da Timo Boll na Jamus, ya shiga cikin takwas na ƙarshe. Kafin shi babu ɗan Afirka da ya taɓa kai nan. Bugunsa kamar tsawa. Tun daga ran nan na sa a raina cewa duk roba mai gudu ita ce mai kyau.

Na yi wata uku ina tara kuɗi, har suka kai jika 15. Na ba wani ɗan kasuwa mai bi ta Maigatari zuwa Kano. Na ce masa: «Alhaji, don Allah ka sayo mini roba biyu, waɗanda suka fi kowace gudu.» Ya cika alkawari. Ya kawo masu kaurin soso, masu tauri. Na manna su a katakon raket, na miƙa wa yarinyar ina murna.

Bugun farko, ƙwallo ya wuce tebur. Na biyu ma haka. Na uku ya bugi bango. Yaran da take cinyewa kullum suka dinga cin ta, suna dariya. Ta ce: «Mushe, raketin nan ba ya jin magana.» Na ce mata ta ƙara ƙoƙari. Bayan mako biyu ta daina zuwa.

Abin ya dame ni ƙwarai. Da hutu ya zo na je Magariya wurin wani tsohon malami da ya daɗe yana wannan wasa. Na gaishe shi, na nuna masa raketin. Ya danna robar da babban yatsa, ya girgiza kai.

Ya ce: «Ɗana, wa ka saya wa wannan?»

Na ce: «Baba, wata ɗalibata ce, shekararta 11.»

Ya ce: «Ka ɗora mai koyon hawa bisa dokin sukuwa, ka kuma ce laifinta ne da ta faɗi. Zauna in nuna maka.»

Ga abin da na koya a wurinsa, da abin da na ƙara gani da idona daga baya.

Robar raket hawa biyu ce. A sama akwai fatar da ke taɓa ƙwallo. A ƙasa akwai soso. A 1952, a Bombai, wani ɗan Japan mai suna Hiroji Satoh ya ci gasar duniya da raket mai soso, ya ba kowa mamaki. Daga baya aka kafa doka a kan kauri: fata da soso tare ba su wuce wajen milimetir 4.

Abu na farko shi ne mallakar ƙwallo, wato ya tafi inda ka aike shi. Ƙwallon ba shi da nauyi, giram 2,7 ne kawai. Soso mai kauri yana cilla shi da ƙarfi, kamar danƙo. Soso mara kauri ba ya cilla shi sosai, saboda haka yana sauka a tebur. Mai koyo ya fara da soso na milimetir 1,5 zuwa 1,8. Na milimetir 2 zuwa sama na wanda hannunsa ya faɗa ne. Ni kuwa mafi kauri na sayo.

Abu na biyu shi ne juyi. Kun san yadda kuke murza katantanwa ta yi ta juyawa a ƙasa. Haka fatar roba take murza ƙwallo in an goge shi da ita. In aka goga sama, ƙwallo yana juyawa gaba, ya lanƙwaso ya faɗa tebur. In aka goga ƙasa, yana juyawa baya, wanda bai lura ba ya tura shi cikin raga. Robar ƙasar Sin, irin su Hurricane, fatarsu tana da danƙo. Sabuwa takan ɗaga ƙwallo daga tebur in an danna ta a kansa. Amma ku lura da wannan: robar da ke kama ƙwallo da kyau tana kama juyin abokin wasa ma. In ya aiko da juyi ba ka karanta shi ba, ƙwallo zai bauɗe daga raketinka. Saboda haka mai koyo ya nemi mai kamu madaidaici.

Abu na uku shi ne bayan hannu. Tsohon ya miƙe tsaye ya nuna mini. A bugun gaban hannu ƙafa da ƙugu da kafaɗa duk suna taimako. A bugun bayan hannu kuwa jiki yana tare hanya, bugun gajere ne, aikin na gwiwar hannu da wuyan hannu ne. Soso mai tauri yana son ƙarfi kafin ƙwallo ya nutse cikinsa. Hannun yaro ba shi da wannan ƙarfi. Soso mai taushi kuwa yana karɓar ƙwallo ko da bugun bai yi ƙarfi ba, ya riƙe shi ɗan kaɗan, sannan ya sake shi. Ga shi kuma bai kai mai tauri nauyi ba, wuyan hannu ba ya saurin gajiya. Shi ya sa ƴan wasa da yawa suke sa mai taushi a gefen bayan hannu.

Akwai kuma roba mai ƙuraje a waje. In ƙurajen dogaye ne, sukan tanƙware su mayar wa mutum da juyinsa. Deng Yaping ta ƙasar Sin irinta ta sa a bayan hannu. Tsawonta wajen metir 1,50 ne kawai, amma ta ci zinariya huɗu a Olimpik, biyu a 1992, biyu a 1996. Na yi ɗoki, na ce ko in sayo wa yarinyar irinta. Tsohon ya ce: «A'a. Da rarrafe yaro kan tashi. Ta iya yin juyi da kanta tukuna.»

Ya ce in nemi tsofaffin samfura da aka daɗe ana koyo da su, kamar Sriver da ta fito a 1967, ko Mark V ta 1969, ko wata mai halinsu. Ya tuna mini cewa gefe ɗaya dole ya zama baƙi. Ɗayan da ja ne kawai aka yarda da shi, amma tun 2021 an yarda da wasu launuka, kamar kore da shuɗi.

Na ɓamɓare robar nan biyu, na sayar wa wani saurayi a kan rabin kuɗinsu. Na cika da abin da ke aljihuna, na sake aike Kano. Wannan karo na rubuta a takarda: soso mai taushi, milimetir 1,8.

Sannan na je gidansu yarinyar. Na gaida mahaifinta, aka kira ta. Na ce: «Ƴata, laifin ba naki ba ne, nawa ne. Ki zo gobe ki gwada.» Ba abu ne mai sauƙi ba malami ya faɗi haka gaban ɗalibarsa, amma gaskiya ce.

Washegari ta zo. Muka tsaya bayan hannu da bayan hannu, sauran yara suna ƙirgawa da ƙarfi. Da wancan raket ba ta taɓa wuce bugu 5 ba. Ran nan ta kai 23. Bayan wata guda ta kai 60 ba kuskure. Yanzu ita ke koya wa ƴan aji uku riƙon raket.

Saura abu guda. Ƙasarmu tana da ƙura da zafi, su ne maƙiyan roba. Ƙurar hunturu tana rufe fatar, ta hana ta kama ƙwallo. Ranar bazara tana busar da ita har ta tsattsage. Don haka in mun gama wasa muna goge ta da tsumma mai laushi da ɗan ruwa, ba sabulu. Muna rufe ta da leda, mu ajiye cikin akwati a inuwa. In kuna son ku san ko roba tana da rai, ku goga ƙwallo a kanta a hankali. In ya cije, tana da rai. In ya zame, ta mutu.

Tambayoyi

1. Don me ƙwallon yarinyar ya dinga wuce tebur?
2. Wane kaurin soso ne ya dace da mai koyo?
3. Me ya sa soso mai taushi ya fi dacewa da bayan hannu?
4. Malamin ya tara jika 15, ya sayar da robar a rabin kuɗinta. Nawa ya yi hasara?
5. Ka taɓa sayen abin da bai dace da kai ba? Rubuta labarin a layi biyar.