Asalin Gidan Maniƙa

Sarakuna suna da masu kiyaye musu salsala, malamai kuma suna rubuta tasu a bangon littattafai. Amma talakan ƙauye, in ya ƙirga kakanni uku, sai ka ji ya ce, "Sauran sai Allah." Mu a ƙauyenmu, a ƙasar Zazzau, Gidan Maniƙa ake ce da gidanmu, kuma wannan laƙabi na kama na bi, kamar yadda makiyayi ke bin sawun saniyar da ta ɓace.

Na mahaifina ba wuya, Allah ya ji ƙansa. Shi ya fara kawo injin niƙa mai shan gas garinmu a 1973, shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira. Yara sukan jera ƙore a ƙofar rumfarsa tun da hantsi, shi kuwa ya wuni fari fat da gari har gira.

Kakana bai taɓa inji ba, sana'arsa dutse. Yakan tafi gindin pa ya saro, ya gyara uwar da ɗanta, ya ɗora wa jaki ya bi kasuwanni. In kuma dutsen wata ya yi santsi ya daina cin hatsi, sai a aika masa ya zo da makoɗi ya koɗa shi. Tsofaffi ba su riƙe shekara da lamba, da abin da ya auku suke riƙewa. Sun ce yana goye aka yi yunwar Kakalaba, watau 1914. Da haka na san lokacin haihuwarsa.

To, a kan uwarsa ne magana ta tsaya. Duk dattijon da na tambaya sai ya ce, "Ai mutuniyar kirki ce," ya shiga wani zance. Sai wata gwaggon mahaifina, wadda tsufa ya kai ta inda ba ta jin nauyin kowa, ta ce mini, "Ɗan nan, zauna. Baiwa ce. Tana yarinya aka kamo ta daga kudu, aka sa ta rinji. Tsagar fuskarta ma ba irin tamu ba ce."

Ku da kuka tashi kuka tarar da inji ba ku san niƙa ba. Mace takan tashi tun assalatu ta durƙusa, ta surfa dawa, ta wanke, ta ɓarza, sa'an nan ta maimaita har ya yi laushi, kāna ta tankaɗe. Tuwon gida guda yakan ci rabin safiya, balle na mutanen gandu duka. Gwaggo ta ce gwiwoyin matar nan sun yi kanta kamar na raƙumi, kuma tana niƙa tana waƙa da wani harshe wanda ba mai ji a garin.

A 1901 Gwamna Lugga ya yi doka cewa duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar nan ɗa ne. Saboda haka kakana da 'yancinsa aka haife shi, ita kuwa uwar da ta goya shi tana hannun ubangijinta, gama ba a soke bauta ɗungum a Arewa ba sai 1936. Amma ba ta jira ba. Ta roƙa aka sa mata murgu, watau ta riƙa yi wa kanta aiki tana biyan ubangijinta wani abu. Ta shiga yi wa matan kulle niƙau, tana tara abin da ya ragu anini anini, har ta cika kuɗin fansa, aka tafi gaban alƙali aka shaida. Ranar da ta bar rinji, ɗanta da dutsenta kaɗai ta ɗauka. Inda ta kafa bukka ta girke dutsen, nan ne gidanmu yake yau.

Da baffana ya ji na rubuta wannan, ransa ya ɓaci. Ya ce, "Kana so ka hana 'ya'yanmu aure? Mutane suna cewa kakanninsu daga Barno suka zo, ko daga Gabas, kai kuwa ka tono mana rinji!" Ban yi musu da shi ba, domin tsoron nasa ba na banza ba ne: har yanzu akwai gidajen da ke binciken irin wannan kafin su ba da 'ya. Amma ni a ganina, abin kunyar yana wuyan wanda ya kamo yarinya ya sayar. Matar da ta sayi kanta da gwiwoyinta ba ta bar mana abin ɓoyewa ba.

Muka daidaita a kan in rubuta labarin, in bar sunanta da sunan garin. Dutsen yana nan bayan rumbu, tsakiyarsa ta lotsa kamar akushi, kaji suna shan ruwa a ciki. Na sa yara sun wanke shi, mun shigar da shi zaure.